WannaCry da NotPetya: wacce ta fi jawo asara?

Ɗan'uwa, ka tambaya a tsakanin waɗannan cututtukan kwamfuta biyu wacce ta fi cinye wa duniya dukiya, tunda sunan WannaCry ne ya fi yawo a bakin mutane. NotPetya ce, kuma da rata mai yawa.

Dukansu a 2017 suka ɓulla, kuma sun bi ta wata kafa a Windows da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su suka fi kwana ciki, ko da yake NotPetya ta kama har da wasu kwamfutocin da aka sabunta.

WannaCry ta fantsama ranar 12 ga Mayu, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Takan kulle fayilolinka, ta ce sai ka biya fansar dala 300. Duk abin da ɓarayin suka tara bai kai dala 200,000 ba. Amma a Ingila, asibitocin gwamnati na NHS sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, asarar ta kai fam miliyan 92. Wannan ne ya fi min ciwo, mutum na jiran tiyata a ce ya koma gida.

Ita kuwa NotPetya ranar 27 ga Yuni ta fito daga Yukren, ta cikin manhajar lissafin haraji ta M.E.Doc. Fansar da take nema yaudara ce kawai, ko ka biya babu abin da zai dawo, ɓarna aka ƙera ta ta yi. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya tsaya cak, motocin kwantena suka yi layi a bakin tashoshi. Sai da suka sake saita kwamfutoci 45,000. Kwafin bayanan da ya cece su a ofishinsu na Gana aka samo shi, don wuta ta ɗauke a can kafin cutar ta iso! Maersk ya yi asarar kusan dala miliyan 300, kamfanin magunguna na Merck kuma miliyan 870.

Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ɓarnar NotPetya a kan dala biliyan 10, ta WannaCry kuwa ƙiyasin da aka fi ambata biliyan 4 ne. A duka biyun, kuɗin fansa ba komai ba ne idan aka gwada da aikin da ya tsaya da kayan da suka maƙale a hanya.