Sharhi kan direbobin virtio-balloon da virtio-mem bayan na yi aiki da su a kan KVM

Duk wanda yake kula da babbar kwamfuta ɗaya mai ɗauke da kwamfutocin VM (waɗanda ake ƙirƙira da manhaja a cikinta) da yawa ya san cewa RAM ce take fara ƙarewa, tun kafin furosesa ta gaji ko faifan ajiya ya cika. Lokacin furosesa ana rarraba shi cikin sauƙi, domin wanda ba ya aiki ba ya cin komai, amma RAM ba haka take ba. Da zarar baƙo, wato kwamfutar da aka ƙirƙira a ciki, ya taɓa wani shafi na RAM (ɗan ƙaramin yankinta), mai masauki, wato babbar kwamfutar, zai ba shi shafin, kuma ba shi da hanyar sanin ranar da baƙon ya gama da shi. Injin da nake kula da shi yana da RAM gigabait 64, yana aiki da Debian 12 mai kanel (zuciyar tsarin Linux) 6.1 da QEMU 7.2 (manhajar da ke gudanar da baƙi) da libvirt 9.0 (manhajar sarrafa su), kuma a kansa akwai baƙi masu halaye daban-daban: akwai na rumbun bayanai, akwai na shafukan intanet, akwai kuma wanda ake harhaɗa manhaja a cikinsa, wanda yakan haɗiye RAM mai yawa na ɗan lokaci sannan ya yi shiru. Tun da RAM kaya ce da farashinta yake bin dala, sayen ƙari ba shi ne abin da mutum zai fara tunani ba, shi ya sa na koma ga direbobi biyu da kanel ɗin Linux ya tanada don wannan matsala, virtio-balloon da virtio-mem, wato manhajojin da ke cikin kanel ɗin baƙo masu karɓa ko mayar da RAM.

Dukansu biyun suna cikin tsarin virtio, wanda Rusty Russell ya assasa, ya kuma shiga kanel a farkon 2008, kimanin shekara guda bayan shigar KVM, sashen kanel da yake ba Linux damar gudanar da baƙi. Hikimar tsarin ita ce a daina ruɗin baƙo da na'urar kwaikwayo mai kama da ta ƙarfe, a bar shi ya san cewa shi baƙo ne, ya riƙa magana da mai masauki kai tsaye ta layukan saƙo da suka yi tarayya a kai. A fannin RAM wannan haɗin kai ya zama dole, domin kanel ɗin baƙo ne kaɗai ya san shafin da yake ɗauke da bayani mai amfani da wanda ya zama fanko.

Na fara da virtio-balloon saboda shi ne tsohon hannu, kuma libvirt tana saka shi ga kusan kowane baƙo ko da ba a nema ba. Dabarar ta girmi virtio, domin VMware ta bayyana ta tun 2002 a injinta na ESX. Idan mai masauki yana son RAM ɗinsa, sai ya umarci direban da ke cikin baƙo ya hura balan-balan, wato ya nemi shafuka daga kanel ɗin baƙon kamar yadda kowace manhaja take nema, ya riƙe su ba tare da ya rubuta komai ba, sannan ya aika wa mai masauki lambobinsu domin ya karɓe su. Idan aka sace iskar, shafukan su koma hannun baƙo. A aikace umarni ɗaya ne na libvirt, virsh setmem, kuma a baƙon da ba ya cikin matsi nakan ga adadin ya sauka cikin daƙiƙu kaɗan. Wani amfaninsa da ba a cika ambata ba shi ne alƙaluman da yake bayarwa: idan aka sa masa tazarar lokaci, virsh dommemstat zai nuna abin da baƙo yake amfani da shi da abin da ya rage masa, ba tare da an shiga cikin baƙon ba. Don wannan kaɗai ma ya cancanci a bar shi.

Sai dai iyakokinsa a ginin nasa suke, ba abu ne da saiti zai gyara ba. Ba ya iya ba wa baƙo fiye da abin da aka tashe shi da shi, saboda haka duk baƙon da ake tsammanin zai buƙaci gigabait 32 wata rana dole a tashe shi da 32 ɗin, sannan a ƙwace rarar. Wannan yana da tsada ta ɓoye, domin kanel yana ajiye bayani na bait 64 a kan kowane shafi mai kilobait 4, wato kashi ɗaya cikin 64 na dukkan RAM, don haka baƙo mai gigabait 32 yana kashe kusan rabin gigabait wajen lissafin shafukan da akasarinsu an riga an karɓe. Bayan haka, daga lokacin da baƙo ya tashi zuwa lokacin da direban ya fara aiki, RAM ɗin duka a buɗe take gare shi, kuma baƙon da ya ƙi ba da haɗin kai babu abin da zai tilasta masa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake yayyaga RAM. Yana karɓar shafuka ƙanana masu kilobait 4 daga ko'ina suka samu, alhali mai masauki yana son ya riƙe RAM ɗin baƙo a manyan shafuka masu megabait 2 domin sauri. Ƙaramin shafi ɗaya da aka cire daga tsakiyar babba ya isa ya farfasa shi, kuma bayan an hura an sace sau da yawa, sai na lura baƙon ya rage kuzari ko da an mayar masa da RAM ɗinsa duka, har sai kanel ɗin mai masauki ya sake haɗa shafukan a hankali. Idan kuma aka matsa wa baƙo fiye da kima, kanel ɗinsa zai fara kashe manhajoji don ya numfasa. Akwai zaɓin deflate-on-oom da yake barin baƙo ya sace iskar da kansa kafin a kai ga kisa, kuma ina ganin bai kamata a yi amfani da balan-balan ba tare da shi ba, duk da cewa ma'anarsa ita ce iyakar da mai masauki ya sa roƙo ce kawai. Baƙon da aka miƙa wa na'urar PCI ta gaske ta hanyar VFIO (tsarin miƙa wa baƙo na'ura kai tsaye) kuwa, RAM ɗinsa a kafe take, don haka hura balan-balan ba ya mayar wa mai masauki da komai.

Abin da ya fi ba ni riba a wannan na'ura ƙaramin ƙari ne da ya shigo a kanel 5.7 da QEMU 5.1 a 2020, wato bayar da rahoton shafukan da suka zama fanko. Ana kunna shi da freePageReporting a bayanin na'urar a libvirt, shi ke nan. Daga nan kanel ɗin baƙo da kansa yake tattara manyan filayen RAM da babu kowa a cikinsu, ya sanar da mai masauki, ba tare da an rage masa adadin da yake gani ba. A baƙon harhaɗa manhaja na zuba ido a kan adadin RAM da QEMU yake riƙe da shi a wajen mai masauki: yana hawa yayin aiki, aikin na ƙarewa kuma sai ya fara gangarowa da kansa, babu wanda ya ba da umarni. Tun da filayen da ake bayarwa manya ne, ba a samun yayyagawar da na ambata. Sharaɗinsa shi ne fankon gaske kaɗai yake bayarwa. RAM ɗin da Linux ya cika da kwafin fayilolin da ya karanta daga faifai ba ta cikin lissafi, kuma Linux ba ya son barin RAM a banza, saboda haka baƙon da yake yawan karanta fayiloli ba zai mayar da abin kirki ba.

Daga nan na koma ga virtio-mem, wanda David Hildenbrand ya rubuta lokacin da yake kamfanin Red Hat, ya shiga kanel 5.8 da QEMU 5.1 a 2020, libvirt kuma ta fara tallafa masa a siga ta 7.9. Tunaninsa kishiyar na balan-balan ne. Ana tashin baƙo da RAM kaɗan, sannan a haɗa masa na'ura mai wani fili na RAM da aka keɓe amma ba a ba shi ba tukuna. Mai masauki yana faɗin adadin da yake so baƙon ya samu, direban kuma ya riƙa ɗaukar filin gutsure-gutsure, kowane gutsure yawanci megabait 2 a kan x86, har ya kai adadin. Filin ba ya cikin taswirar RAM da baƙo yake samu lokacin tashi, don haka tsohon kanel da ba shi da direban ba zai ma san da shi ba, kuma ba a biyan kuɗin lissafin shafukan da ba a ɗauka ba. Kafin zuwansa, hanyar ƙara RAM ita ce a soka wa baƙo sandar RAM (DIMM) ta kwaikwayo, wadda ake sakawa ko cirewa ɗungurungum, gurabenta kuma ƙididdigaggu ne.

Saitin farko yana buƙatar natsuwa. Dole a bayyana maxMemory, wato iyakar RAM da baƙo zai iya kaiwa, a ba baƙon aƙalla rukunin NUMA ɗaya (rukunin furosesa da RAM ɗinsa) ko da ba ya buƙatarsa don wani dalili, sannan a rubuta na'urar da girmanta da girman gutsurenta da adadin da ake nema. Bayan wannan komai ya koma umarni ɗaya, virsh update-memory-device. Na ba baƙon harhaɗa manhaja gigabait 4 na tashi da fili mai gigabait 28, na nemi a ba shi 12 daga filin, ina kallon umarnin free mai nuna adadin RAM a cikinsa, sai jimillar ta riƙa hawa har ta tsaya kusa da 16, manhajojin da ke aiki ba su ko girgiza ba. Abin da na fi yaba wa shi ne na'urar tana nuna lambobi biyu a rarrabe, abin da aka nema da abin da aka samu a zahiri, don haka mai kula da injin ba ya zama cikin zato.

Ƙarawa ba ta taɓa ba ni wahala ba, a wajen ragewa ne ake gane wanda ya shirya. Linux yana karɓar sabuwar RAM a dunƙule masu megabait 128 a yawancin injunan x86, kuma kowane dunƙule sai an zaɓa masa yankin da zai shiga. Idan ya shiga yankin gama-gari, ZONE_NORMAL, kanel yana iya ajiye kayansa na kansa a ciki, irin waɗanda ba a iya matsar da su, kuma gutsuren da irin wannan shafi ya faɗa ciki ba zai fita ba. Kamar ɗakin haya ne da aka kwashe kaya duka amma aka tarar an kafa turke ɗaya da siminti a tsakiya, ba a miƙa mabuɗi sai an tumɓuke shi. A wannan yanayi na nemi a sauke filin zuwa sifili, lambar zahiri ta sauko da sauri da farko, sannan ta cije a sama da abin da na nema, direban yana ta sake gwadawa lokaci-lokaci. Idan kuwa aka tashi baƙon da memhp_default_state=online_movable, dunƙulen suna shiga ZONE_MOVABLE, inda sai shafukan da ake iya kwashewa kaɗai ake ajiyewa, kuma da wannan saiti kusan kullum nakan samu RAM ɗina ta dawo cif.

Amma wannan ma yana da nasa haɗarin, domin lissafin shafukan sabuwar RAM da teburorin kanel duka daga yankin gama-gari suke ci. Baƙo mai gigabait 2 na tashi da aka lafta wa gigabait 30 masu motsi, wato na ZONE_MOVABLE, yana iya shaƙewa alhali free yana nuna RAM birjik. Kanel 5.15 ya kawo mafita da memory_hotplug.online_policy=auto-movable, inda kanel yake auna rabon da kansa, yana barin mai motsi ta kai kimanin ninki uku na ta gama-gari kafin ya fara zuba sabbin dunƙule a yankin gama-gari. Shi nake amfani da shi yanzu, kuma a ganina shi ya kamata a fara nuna wa sabon shiga. Yana da kyau kuma a duba fayil ɗin auto_online_blocks da ke ƙarƙashin /sys/devices/system/memory, domin ba kowane nau'in Linux ne yake kunna sabuwar RAM da kansa ba, kuma idan ba a kunna ta ba baƙo ba zai amfana da ita ba.

Babban giɓin da na gani, wanda ya shafi direbobin biyu, shi ne babu wanda yake yanke shawara a cikinsu. Suna aiwatar da adadin da aka ba su, amma sanin lokacin da ya dace a ƙara wa wannan a rage wa wancan aikin mai kula da injin ne, ko aikin wata manhaja da ke sama da su. Ni ƙaramin rubutun umarni na yi, yana karanta alƙaluman dommemstat yana daidaita adadin da ake nema, kuma na sa shi ya riƙa ƙarawa da gaggawa, ragewa kuwa sannu a hankali. Ba na haɗa hura balan-balan da virtio-mem a baƙo ɗaya, domin kowannensu zai riƙa jan RAM ta nasa ɓangaren, amma na bar na'urar balan-balan ɗin a haɗe saboda alƙaluma da rahoton shafukan fanko, waɗanda suke tafiya lafiya tare da virtio-mem.

Baƙin da kanel ɗinsu ya girmi 5.8 sun ci gaba da zama a kan balan-balan, tun da ba su da direban virtio-mem, kuma ba na matsa musu sosai. Baƙon rumbun bayanai kuwa na cire shi daga wannan tsari gaba ɗaya. PostgreSQL, manhajar rumbun, yana kama rabonsa na RAM tun daga tashi, sauran kuma kanel yana cika shi da kwafin fayilolin rumbun, wanda shi ne ainihin abin da yake ba shi sauri, saboda haka duk megabait ɗin da aka ƙwace daga gare shi sai an biya shi da karatun faifai. Na yanka masa gigabait 16 tsayayyu a kan manyan shafuka, na bar sauran baƙin su yi ta karɓa da mayarwa a cikin abin da ya rage.