Kantin maganin da nake saya wa Hajiya insulin a Birnin Kebbi

Wata shida ke nan ina sayen insulin ɗin mahaifiyata, wato allurar ciwon sukari, a wani kantin magani da ke kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, kuma abin da ya riƙe ni a wurin shi ne yadda suke tantance kayansu.

Insulin ba ya jure zafi, ana adana shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali a watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40. Firjinsu yana aiki da wutar sola, kuma an manna masa takarda inda ake rubuta ma'aunin sanyinsa safe da yamma.

Ranar da aka sauke kaya a gabana, mai harhaɗa magungunan ya gwada lambar rukunin da ke jikin kwali da wadda ke jikin kwalba, ya duba lambar rajistar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ranar ƙarewar wa'adi, sannan ya ware fakiti uku da hatiminsu ya ɗaye domin a mayar wa dila. Da na sayi maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa, cewa ya yi, "Alhaji, ka kankare nan, ka tura lambar ta waya, kada ka dogara da maganata."

Sai dai farashinsu ya ɗara na maƙwabtansu, kuma bayan Magariba mutum ɗaya ne ke sallamar jama'a, har nakan yi rabin awa a tsaye. Rasit ma sai ka tambaya ake ba ka.