GamePad na Wii U ko kwamfutar hannu: wanne ya dace da gida?

Hajiya, kin ce kin ga Wii U, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, wadda aka yi amfani da ita, da araha, kina tambaya ko hannun wasanta mai allo, wato GamePad, zai ɗauke miki sayen kwamfutar hannu irin iPad ko Galaxy Tab. Ba zai ɗauke ba, a ido kawai suka yi kama.

GamePad ba ya aiki shi kaɗai. Akwatin Wii U da ke gindin talabijin ne ke yin komai, sannan ya turo hoto zuwa allon ba tare da waya ba. Da yaro ya yi nisan kamar mita 8, ko katanga mai kauri ta shiga tsakani, hoto ya yanke. In aka ɗauke wuta ma haka, ko batirinsa cike yake, tunda akwatin ya mutu. Ita kuwa kwamfutar hannu a caje ta da dare, a wuni ana karatu da ita, har unguwa a tafi da ita.

Allon GamePad inci 6.2 ne, bai kai na kwamfutar hannu haske da kyau ba, kuma yatsa ɗaya yake ji a lokaci guda. Batirinsa awa 3 zuwa 5, na iPad kusan 10.

A wasa kam GamePad ya yi wa kwamfutar hannu nisa. Maɓallai ne na gaske da sanduna biyu, hannu ya samu abin riƙo. Ga wasanni irin su Mario Kart 8 da Super Mario Maker, waɗanda ba za ki samu a kwamfutar hannu ba. Abin da ya fi burge ni, maigida na kallon labarai a talabijin, yaro na gefe yana ci gaba da wasansa a ƙaramin allon, ba rigima.

Sai dai na'urar ta tsufa. A 2012 ta fito, Nintendo ya daina ƙera ta a 2017, ya rufe sayen wasanni ta intanet a Maris 2023, wasa da mutanen nesa kuma ya tsaya a Afrilu 2024. Manhajojin YouTube da Netflix sun bar ta. Babu Play Store, balle manhajar Alƙur'ani ko ta koyon lissafi.

Don karatun yara da kallo, ki sayi kwamfutar hannu. In wasa ne zalla, Wii U zai yi, amma kada ki karɓi GamePad ba akwatinsa, kuma na Amurka ba ya haɗuwa da akwatin Turai. A kunna miki su tare a shagon kafin ki ba da kuɗi.