Littafin hira ko littafin cike gurbi: wanda ya kamata ki zaɓa wa 'yan kwaleji

Assalamu alaikum, Malama. Tsakanin littafin hira da littafin atisaye na cike gurbi da kika tambaya a kansu, ki zaɓi littafin hira, ki sa kuɗin da iyaye suka tara wajen sayen kaye fari, wato littafin rubutu da ba a rubuta komai a ciki ba, ɗaya ga kowane ɗalibi. Dukansu biyun sun ratsa hannuna a kwalejin da nake koyar da Ingilishi a Maraɗi, kuma wajen sa yaro ya yi rubutu da kansa tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Tsarin littafin hira ba shi da wahala. Ɗalibi yana rubuta wa malama abin da ya ga dama da Ingilishi na tsawon minti goma a farkon darasi, ita kuma ta karɓi kayen ta rubuta masa amsa a ƙarƙashin nasa rubutun, gwargwadon tsawon abin da ya rubuta. Ba a ba da maki, ba a taɓa shafin da jan biro, kuma idan yaro ya yi kuskure ba a ja layi a ƙarƙashinsa, sai dai malama ta dawo da wannan jimlar daidai a cikin amsarta, ta yadda zai ga gyaran ba tare da an ce masa ya yi laifi ba.

Akwai wata yarinya da na koyar a ajin katiriyam (shekara ta uku a kwaleji), wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai, har malamai suka ɗauka ba ta gane komai. Abin da ta fara rubuta mini layi ɗaya ne: “I have fourteen years.” Duk wanda ya koyar da yaran da suka fara da Faransanci ya san wannan kuskuren, domin ginin jimlar Faransanci ne ta ɗauko ta zuba wa kalmomin Ingilishi. Na amsa mata da cewa, “You are fourteen? My daughter is fourteen too. What do you do after school?” Sai ta ba ni labarin kakarta mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana saka kalmar Hausa ko ta Faransanci a duk inda ta Ingilishi ta ƙwace mata, ni kuma ina mayar mata da kalmomin a cikin amsata. Bayan wasu makonni ta rubuta shekarun yayanta da ginin jimla daidai, alhali ban taɓa yi mata darasi a kan haka ba. Kafin hutun ƙarshen shekara tana cika shafi guda, kuma abin da ya fi faranta mini rai shi ne ita ce ta koma yi mini tambayoyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a aji malama ce ke tambaya yara na amsawa, saboda haka ɗalibi zai iya shekara huɗu a kwaleji bai taɓa gina tambayar Ingilishi don yana son sanin amsarta ba, ga shi kuwa ginin tambaya na cikin abubuwan da suka fi ba yaranmu wuya a wannan harshe.

Dabarar tana da asali. Wata malamar aji shida a birnin Los Angeles na Amurka, Leslee Reed, ita ce take rubutu da kowane ɗalibinta kullum, har masu bincike irin su Jana Staton da Roger Shuy da Joy Kreeft Peyton suka yi nazarin kayen ɗalibanta a farkon shekarun 1980, sannan a 1990 Peyton da Reed suka fitar da jagorar malamai kan amfani da dabarar ga waɗanda Ingilishi ba harshensu ba ne. Batun barin gyara kuwa har yanzu masana ba su haɗu a kansa ba. A 1996 John Truscott ya yi rubutu yana cewa gyaran nahawu a rubutun mai koyon harshe ba ya haifar da amfanin da ake zato, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999 tana kare gyaran da aka yi da tsari. Ni abin da nake yi shi ne na bar kayen hira ba gyara, amma ina da takarda a gefe inda nake tara kurakuran da suka yi ta maimaituwa, ranar nahawu sai na kawo su kan allo ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ta haka darasin yana fitowa daga abin da yaran suke fama da shi a wannan makon.

Littafin cike gurbi kuwa na taɓa sa aka saya wa aji guda, kuma ba zan ce ba shi da amfani ko kaɗan ba, tunda yana saba wa ɗan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, da fasalin tambayoyin BEPC, jarrabawar kammala kwaleji. Iyakarsa ke nan. Yara biyar ne ke cikawa, sauran su kwafa kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma da zarar an cike shi ya gama aiki, ƙanin mai shi ma ba zai amfana ba. Kwafi ɗaya na littafin a hannun malama ya wadatar, ta riƙa ɗora atisayen a allo idan jarrabawa ta matso.

Dole na faɗa miki nauyin da ke cikin abin da nake ba ki shawara a kansa, domin kuɗinsa kaɗan ne amma lokacinki zai ci. Idan ajinki ya haura ɗalibi sittin, kamar yawancin azuzuwanmu, kada ki yi yunƙurin amsa wa kowa a rana ɗaya. Ki raba su layi-layi, kowace rana ki tafi da kayen layi ɗaya, ta yadda kowane yaro zai sami amsa sau ɗaya a mako, kuma jimla uku masu nuna kin karanta abin da ya rubuta sun fi shafi guda na yabo. Idan amsa ta yi jinkiri har mako biyu, yara suna daina rubutu da zuciya ɗaya, kuma dawo da su yana da wuya. Sannan masu shekara goma sha uku zuwa sha shida, idan suka sami mai sauraro, suna rubuta abin da ba su faɗa wa kowa: dukan da ake yi musu a gida, maganar auren da ba su so, yunwar da suke zuwa makaranta da ita. Ki gaya musu tun ranar farko cewa ba mai karanta kayen sai ke, amma duk abin da ya shafi lafiyar yaro ko tsaronsa za ki kai shi ga wanda zai iya taimakawa. Darakta ya san da tsarin, kayen ya kwana a kabad mai makulli, kuma kada hirar ta koma WhatsApp tsakanin malami da ɗalibi su biyu, musamman malami namiji da 'yan mata.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu kawo littattafai makaranta a farkon Oktoba. Tun da aka fitar da kundin tsarin ƙasar Nijar na watan Maris na 2025, wanda ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, masu talla sun sami abin faɗa wa iyaye. Wasu suna tsallako da littattafan da aka rubuta domin jarrabawar WAEC da NECO su ce sun dace da BEPC, alhali an yi su ne don yaran Najeriya da ake koya wa sauran darussa da Ingilishi, namu kuwa sai a siziyam, ajin farko na kwaleji, suke fara shi. Wasu kuma fotokwafi ne aka yi wa bango mai sheƙi, shafuka sun ɓace a tsakiya, amsoshin da ke baya ma da kuskure. Ko kayen kansa ana ha'inci a ciki, a rubuta shafi ɗari a bango a rage na ciki, saboda haka ki buɗe katan ki ƙirga guda biyu ko uku a gaban mai kayan kafin ki biya, kuma kada ki tura wa kowa kuɗi ta waya kafin kaya su iso hannunki.

Ki sayi kaye mai shafi ɗari da bango mai ƙwari, ki fara da aji ɗaya kawai a wannan zangon, wanda ba ajin jarrabawa ba, kuma ke ce za ki fara rubuta wa kowannensu layi biyu da tambaya ɗaya a shafin farko kafin ki raba musu.