Grey's Anatomy: na daina jin tsoro a kansu

Kashi uku suka taru ban kalla ba, kuma ban ma tuna da su ba sai da sunan shirin ya faɗo a allon wayata. A da ko kashi ɗaya ba ya kwana a hannuna. A nan na gane cewa wani abu ya mutu tsakanina da Grey's Anatomy, kuma abin ya dame ni sosai, domin shekaru na yi tare da mutanen nan.

Shirin ya fara fita a Amurka a watan Maris na 2005, zangon farko kashi 9 kacal. Daga baya na tarar da shi, na bi shi tun daga tushe. Labarin sababbin likitoci biyar ne da suka shiga wani asibiti a birnin Seattle don koyon tiyata: Meredith, Cristina, Izzie, George da Alex. Ba barci, ba hutu, ga Dakta Bailey a kansu kullum tana daka musu tsawa. Ba jinin ɗakin tiyata ne ya riƙe ni ba, su ɗin ne. Meredith na ɓoye wa abokan aiki cewa mahaifiyarta, shahararriyar likitar tiyata, ciwon mantuwa ya cinye ta. Cristina ba ta iya lallashi ba, amma ranar wuya ita ce ta farko a bakin ƙofa. Na san halin kowannensu kamar tare muka tashi.

Har yau ina tuna ƙarshen zango na 5, a 2009. An kawo wani mutum da bas ta banke, fuskarsa ta kumbura ta yadda ba mai iya gane shi. Ana ta fama a kansa, sai ya kamo hannun Meredith, ya riƙa zana mata 007 da yatsa a tafin hannu, laƙabin da aka maƙala wa George tun tiyatarsa ta farko. Ashe George ɗin ne. Tsayar da bidiyon na yi, na miƙe tsaye, na kasa komawa na zauna. A lokacin mutuwa tana da nauyi a shirin, domin ba ka taɓa zaton za a iya ɗauke maka ɗaya daga cikin biyar ɗin ba.

Sai masifu suka fara zuwa a jere. A 2010 ɗan bindiga ya shiga asibitin. A 2012 jirgin sama ya faɗo da likitocin a daji, Lexie, ƙanwar Meredith, ta mutu a can, abokin aikinsu Mark ya bi ta ba da jimawa ba. A 2015 Derek, mijin Meredith, ya mutu bayan hatsarin mota. Kowanne a karan kansa an tsara shi da kyau, musamman na ɗan bindigar, wanda har gobe ina ganin yana cikin mafi kyawun abin da suka yi. Amma da suka taru a kan mutane ƙalilan a asibiti ɗaya, zuciyata ta koyi kare kanta. Da zango ya doshi ƙarshe sai in fara lissafin wa za a sallama bana, maimakon in ji fargaba.

Na san ba duka ne son ran marubuta ba. Ɗan wasa kwangilarsa ta ƙare, ko ya gaji, ko ya samu wani aikin, dole a nema masa hanyar fita, kuma a yawancin shekarun sama da kashi 20 ake buƙata kowane zango. Na yi musu wannan uzurin na tsawon lokaci.

Inda uzurin ya ƙare mini shi ne tafiyar Alex a 2020, a zango na 16. Shekaru aka ɗauka ana gina mutumin nan. Ya shigo a matsayin mai girman kai da baƙar magana, a hankali ya zama likitan tiyatar yara wanda zai kwana rungume da jariri a ƙirjinsa don ya rayu. Duk darasin rayuwarsa shi ne ya daina gudu ya bar mutane. Sai ga shi ya tafi ta wasiƙa. Muryarsa kawai muka ji a kan tsofaffin hotuna, yana gaya wa matarsa Jo cewa ya koma wajen Izzie. Ban yi kuka ba a ranar, ban ma yi fushi ba. Ji na yi kamar an ce mini duk shekarun da na yi ina yarda da shi ba su da wani muhimmanci, ana iya goge su a cikin minti arba'in.

Bayan nan kallo ya zama al'ada kawai. Na kama kaina ina duba saƙonni a waya alhali zuciyar majinyaci ta tsaya, likitoci na ihu a kansa. A zango na 19 aka kawo sababbin likitoci biyar, Meredith kuma ta koma Boston. Yaran sun iya wasa, ba ni da ƙorafi a kansu, amma tun kafin su buɗe baki na san wa zai so wa, wa zai yi kuskuren da zai kusa korarsa. Sai da na yi kashi da yawa kafin na riƙe sunayensu. Daga cikin 'yan asali, Bailey da Webber, tsohon shugaban sashen tiyata, su ne suka rage, su ma rigimarsu iri ɗaya ake ta juya musu.

A 2019 shirin ya zarce ER, wani tsohon shirin asibiti mai kashi 331, a 2022 ya kai kashi 400. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma akwai masu jin daɗinsa har yanzu, ban ga laifinsu ba.

Wanda bai taɓa kallo ba, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya ya fara, zango goma na farko sun cancanci lokacinsa. Ni da zan sake, a ƙarshen na 10 zan tsaya, a 2014, inda Cristina ke shirin tafiya Zurich, ta dawo da gudu ta ja Meredith cikin ɗakin hutun likitoci, suka rufe ƙofa suka yi rawarsu ta ƙarshe su biyu.