Wata uku ina koyon Turanci wajen masu harshen, ga abin da na gani

Wata uku kenan ina biyan wata manhaja da ake haɗa ka da malami ɗan asalin Turanci ta kiran bidiyo, minti 30 kowane zama, sau uku a sati. Taurari 4 cikin 5 zan ba ta, kuma da dalili na riƙe ɗayan.

Ta ɓangaren kunne gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Malamar da na fi zama da ita ƴar Newcastle ce, can arewa maso gabashin Ingila, satin farko wallahi rabin maganarta wuce ni yake yi, amma matar nan ba ta taɓa ƙosawa ba, sai ta maimaita, ta rubuta min kalmar, ta ce in faɗa har sai ta zauna a bakina. Yanzu ina sauraron labarai ba sai na bi rubutun ƙasa ba.

To amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Wata rana na ce mata, Malama, kina alfahari da Turanci kuwa? Sai ta yi shiru, ta ɗan ɗaga kafaɗa, ta ce ita fa ba ta taɓa tunanin abin ba, buɗe ido kawai ta yi ta ji ana yinsa. Raina bai so amsar nan ba, harshen da mutane ke kashe kuɗi da lokaci suna nema a ce mai shi ko a jikinta? Da na tambaye ta karin harshen garinsu wanda suke kira Geordie kuwa, nan take ta ajiye kofin hannunta ta matso kusa da kyamara, fuskar nan ta washe, tana gaya min su yaro bairn suke ce masa, kuma in ta je Landan aka kwaikwayi maganarta ranta ɓaci yake yi. Har lokacinmu ya ƙare ba ta lura ba. Ashe kishin yana nan, a karin harshen gida ya taru.

Na yi ta juya abin, kuma ni a ganina ba kasafai mutum yake kishin abin da ba a taɓa yi masa barazanar ƙwace shi ba. Faransa tun 1635 ta kafa hukumar da ke tsaron harshenta, Ingila ba ta da irinta har yau, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma aikin mutum ɗaya ne da ƴan mataimakansa. A Amurka Noah Webster ya fitar da nasa a 1828, shi ya sa suke rubuta color babu u maimakon colour, wannan kam akwai son nuna su ma ƙasa ce mai cin gashin kanta a ciki. Sannan harshen kansa aro ya yi masa yawa, tun da Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka cika shi. Waɗanda suka tashi da shi a gida kusan miliyan 380 ne, masu jinsa duka kuwa wajen biliyan 1.5, kenan mu masu koyo mun ninka su nesa ba kusa ba, ta yaya malamar tawa za ta ji nata ne ita kaɗai? Sau ɗaya na faɗa wajen wani malami ɗan Wales, wani yanki na Birtaniya, shi ko tambayarsa ban yi ba ya fara ba ni labarin yarensu na Welsh da dokar 2011 da ta ba shi matsayin harshen hukuma a yankinsu, muryarsa har rawa take.

Yanzu tauraron da na riƙe. Kasancewar mutum ɗan harshe ba ya nufin ya iya koyar da nahawunsa, kuma manhajar ba ta tace malamai yadda ya kamata. Wani ɗan Amurka na tambaye shi bambancin I went da I have gone, ya ce min wai haka dai ya fi daɗi a kunne, shikenan amsar fa, ni kuma jarrabawa ce a gabana. Sau biyu malami ya soke zama saura ƴan mintuna, kuma in netwok ya yanke agogo ba ya tsayawa, mintunanka sun tafi, na rubuta musu ƙorafi sai bayan kwana huɗu aka amsa.

In gyaran furuci da sabawar kunne kake nema ka shiga, amma ka duba bayanin malami ka ga yana da takardar koyarwa kafin ka zaɓe shi. Ni dai na sabunta na wata uku, kuma duk zamana na mayar wajen malamar Newcastle ɗin nan, ta ce Alhamis za ta kawo min kalmomin da kakarta take amfani da su.