Mai dizal ko mai batir: wacce ta fi cizon makaniki?

A filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, 'yan uwanmu masu gyaran motocin jan kaya sun rabu biyu.

Mai dizal ba ta ɓoye sharrinta. Hayaƙi a rufaffen gareji, mai ya tsiyaya ƙasa ta yi santsi, ga lagireto. Ranar da zafi ya haura digiri 40, wanda ya buɗe murfin lagireton da gaggawa, tafasasshen ruwa ne zai wanke masa fuska.

Mai batir kuwa mugu shiru ce. Ba ƙara, sai dai ka ji ta a bayanka. Da yawansu ƙarfin lantarkin batirinsu bolt 80 ne: sifana ta faɗa tsakanin kawunan batir, tartsatsi ya tashi, zoben hannu ma sai ya ƙone yatsa. Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ta kama wuta. Ga asid, ga nauyin da sai da na'urar ɗagawa.

Ni dai na fi sakewa da mai dizal, don hancina yana gargaɗina. Wani dattijo a wurin cewa yake: "Yaro, cire agogonka tukuna, sannan ka zare fulogin batir."